Ungulun Kukar Baba

Tun ranar da ƙanena ya nuna mini wasan nan a wayarsa na ce ban yarda da shi ba. Malamin makaranta ne a Bacirawa, yana zuwa gida duk ƙarshen mako, kuma bai taɓa zuwa ba tare da wani sabon abu da zai ɗaga mana hankali ba. Wannan karon wai wasan tsuntsaye ne. An yanka taswirar duniya gida-gida kamar fegin gona, kowa ya ga tsuntsu a yankinsa sai ya ɗauki hotonsa ko ya naɗi kukansa ya tura. 'Yan ƙungiyarsa su duba su tabbatar da sunan, a ba su maki. Ƙungiyarsu akwai ɗan Zariya, akwai na Nijar, har da wata tsohuwa a Turai da ba ta da aiki sai ƙirga kurciyoyinmu.

Na tambaye shi wa ke tara bayanan, kuma me zai yi da su. Ya ce masu bincike ne. Na ce masu binciken me? Mu da muka ga an zo an auna gonaki da sunan taimako, daga baya muka ji an ce hanya za ta bi ta kai, ba a gaya mana bincike. Ya yi dariya ya ce ni ko sauro ya yi mini sallama sai na tambaye shi wa ya aiko shi.

Da a ce cilakowa da belbela kawai yake ɗauka, da na ƙyale shi da shirmensa. Abin da ya dame ni kukar Baba ce.

A ƙarshen gonarmu ta arewa akwai wata tsohuwar kuka da ba a hawa. Duk kukokin garinmu an aske su saboda miya, ita kaɗai ke da cikakken kai. Mutane sun ce akwai iskoki a cikinta. Baba bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, amma in an faɗa a gabansa sai ya kawar da kai ya yi shiru, shirun nan kuwa ya fi rantsuwa aiki. Gaskiyar maganar ita ce ungulu biyu ke sheƙa a can ƙololuwarta. Baba mahauci ne a ƙuruciyarsa, ya ce a da ranar kasuwar Tsanyawa sai ka kore su da ƙafa kafin ka kai ga nama. Sai masu haɗa magani da kawunan ungulu da ƙwansu suka sa musu ido, aka bi su da guba har suka ƙare. Biyun nan ne suka rage a duk inda muka sani. Mu uku muka san wurin kwanansu, kuma ya ja mana kunne tun muna samari kada mu faɗa wa kowa.

To sai ga ƙanena ya ɗauki hotonsu ya tura. Da na ji, har zagi sai da na yi, abin da ba halina ba. Ya rantse mini cewa wasan yana ɓoye wurin duk tsuntsun da ake farauta, ba ya nuna komai sai faɗin ƙaramar hukuma. Na ce wanda ya ɓoye ai ya san inda ya ɓoye. Muka yi sati biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma muka haɗa baki ba tare da mun yi shawara ba, babu wanda ya gaya wa Baba.

Abin kunyar shi ne daga baya na fara jin daɗi. Ƙungiyarsu ta haye sama saboda hoton nan. Saƙonni suka riƙa shigowa, yana karanta mini yana fassarawa. Tsohuwar Turai ta ce a gaishe da mai gonar, a ce masa ya yi abin da hukumomi suka kasa. Ƙanena ya ce wataƙila ma wata rana wasu daga cikinsu su kawo ziyara. Ni da na ce ban yarda ba, sai ga ni ranar kasuwa a teburin mai shayi ina cewa gidanmu akwai abin da Turawa ke aiko wa gaisuwa. Ban faɗi ko mene ne ba. Amma na ce tsuntsu ne, kuma na ce ba a ganinsa yanzu.

Bayan an gama kai dawa gida, wata Laraba da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida a kan babur. Tsaf-tsaf da shi, da jaka a kafaɗa da babbar waya a hannu. Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, ƙanena yana makaranta. Mutumin ya ce shi daga wajen masu harkar tsuntsaye yake, ya ji labarin gidan nan. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na sa aka kawo ruwa da fura. A gidanmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa, kuma ba a nuna masa hanya da yatsa. Baba ya sha faɗa mana cewa nuni da yatsa rowa ce, ɗan gidan kirki ƙafarsa yake sawa ya kai mutum.

Na sa takalmina na kai shi.

A gindin kukar ne jikina ya fara ba ni. Ƙanena in ya zo nan sama yake kallo, baki buɗe, har sai wuyansa ya gaji. Wannan kuwa jikin itacen yake dubawa. Ya zagaye ta, ya shafa ɓawon, ya tambaye ni ƙarfe nawa ungulun suke sauka, da ko akwai ƙwai yanzu. Wayar nan tana hannunsa, ko sau ɗaya bai ɗaga ta ba. Na lura da duk wannan, amma na ji nauyin in titsiye mutumin da ya sha furar gidanmu. Na amsa masa abin da ya tambaya, na raka shi har bakin hanya, muka yi musabaha.

Ranar Asabar ƙanena ya je da sassafe don ya ɗauki hoto, ya dawo da gudu. An kafa turaku a jikin kukar tun daga ƙasa har sama, irin na masu cirar zuma. An warware sheƙar. A ƙasa akwai hanjin akuya da ƙudaje suka mutu a kansa, da gashin tsuntsu a warwatse.

Baba ya je ya gani, ya dawo ya zauna a zaure. Ƙanena ya durƙusa ya faɗi komai game da hoton, yana kuka kamar ba magidanci ba, ya goge wasan a gaban idonmu. Ni kuwa ina tsaye, kuma na ga hanya a buɗe. Ni ne na yi gargaɗi tun farko, kowa ya sani. Da na yi shiru da shi ke nan. Kwana uku na yi shirun nan, kuma ban taɓa ƙin kaina kamar a kwanakin ba.

Har yau ban san ta inda mutumin ya samo garinmu ba. Ko ya ga yankin a wasan ya bi ƙauye-ƙauye yana tambaya, ko a teburin mai shayi ya ji. Har gobe ban yarda da wasan ba, don ban ga dalilin da zai sa a tara sirrin dajin mutane a hannun wanda ba su sani ba. Amma wasan bai san hanyar gonar arewa ba.

A rana ta huɗu na sami Baba yana gyaran igiya a inuwa, na gaya masa zancen baƙon nan. Bai ɗago ba.

"Ka ba shi ruwa?"

"Na ba shi, Baba."

"Ka nuna masa, ko ka kai shi?"

"Har gindinta na kai shi."

Ya daɗe yana murza igiyar a cinyarsa. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi.

"To, ai ni na koya maka," ya ce.

Da damina ta kama, kukar ta yi ganye fal. Baba ya aika cikin gari aka faɗa wa mata cewa duk mai son kuka ta sa a ɗebo mata, babu komai a itacen. Da turakun mutumin nan aka riƙa hawa, kafin sati ya zagayo an aske ta kamar sauran.