Ya Cire Fankar Don Ta Yi Shiru

Wata rana na kai cajar laftof ɗina gyara wani shago a Sabon Garin Zariya.

Mai shagon, Oga Tasi'u, irin mutanen nan ne da ko gobara ake yi sai sun gama kurɓar shayinsu. Na san halinsa, don haka na nemi benci na zauna.

Ina zaune sai ga wani mutum ya shigo rungume da akwatin kwamfutar tebur, gumi ya jiƙe masa riga har baya.

Shi a ganinsa kwamfuta ya zo ceta. Ni da na ga ƙarshen zancen zan gaya muku tun yanzu: aurensa ne ke cin wuta, kuma bai sani ba.

Ya dire akwatin a kan tebur.

"Oga, mutuwa take yi min. Da na ɗora mata aiki mai nauyi sai ta ɗauke ɗif. In ka taɓa jikinta kamar murfin tukunya."

Oga Tasi'u ya tambaye shi wane irin aiki yake yi da ita.

Nan fa bakin mutumin ya buɗe. Akwai mutanen da tambaya ɗaya za ka yi musu, su ba ka tarihin gidansu kyauta.

Sana'arsu karatun littattafai na sauti. Matarsa, Shamsiyya, ita ke karantawa. Shi kuma ya ɗauki muryar, ya gyara, ya haɗa da hotuna, ya fitar da bidiyo ya ɗora a intanet. Mata na girki suna sauraro, direbobin dogon zango ma suna sauraro.

Wajen fitar da bidiyon nan ne kwamfutar ke shan wahala, a nan take mutuwa.

Ɗakin ɗaukar sautin kuwa tsohon siton gidansu ne. Ya manne bangon da soso da kwalin ƙwai. Ya toshe taga. Fankar sama a kashe take, saboda makirfo ba ya barin komai ya wuce.

A Zariya fa. A tsakiyar bazara.

Sai ya gyara tsayuwa, ya shiga yabon kansa.

"Da can mun sha fama. Madam ga ƙorafi. Yau maƙogwaro, gobe zafi, jibi a huta. Rabin aikina yanke tari ne da tsaki da 'na gaji'. Sai na zaunar da ita, na ce ni fa ba na son hayaniya a wajen aiki. Alhamdu lillahi, yanzu ta gane. Sai ta karanta babi guda cur ban yanke ko numfashi ba."

Ya kalle ni yana jiran in jinjina masa. Na kalli cajata.

Oga Tasi'u ya kwance kusoshi ya zare murfin gefe. Wani ƙauri ya taso, irin na robar da ta kusanci wuta.

Ya haska ciki da tocila. Fanka biyu ne a ciki, ɗaya a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗaya a baya, kuma duk wayoyinsu a cire suke suna reto.

"Wa ya cire waɗannan?"

"Ni ne. Ƙararsu ta yi yawa, tana shiga makirfo."

"Da ka cire, zafin ya tafi?"

"Ƙarar dai ta tafi."



Oga ya sake tambayarsa ko kwamfutar ba ta taɓa nuna masa wata alama ba. Ya ce in ya kunna takan rubuto wani gargaɗi a baƙin allo, sai ya danna ya wuce. In ta ɗauke kuma, ya ɗan jira ya sake kunnawa, aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Oga bai yi masa faɗa ba. Yana mayar da wayoyin yana magana kamar da kwamfutar yake yi.

"Fanka ba don ta ba ka haushi take ihu ba. Aiki ya yi nauyi, ciki ya ɗau zafi, shi ne take ƙoƙarin fitar da shi. Ranar da ka ji shiru alhali aiki na tafiya, ranar ya kamata hankalinka ya tashi."

Ya hure cikin akwatin, ya goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya haɗa allo da lasifika ya kunna.

Fankokin suka tashi da gurnani.

Oga ya ce wa mutumin ya buɗe aikinsa ya ɗora mata nauyi, a ga ko za ta jure. Mutumin ya sa ta fitar da wani bidiyo, tana cikin yi ya lalubo wani tsohon sauti na bara, wanda ba a gyara ba, ya danna.

Muryar mace ta cika shagon, ga hucin fankar kwamfuta a bayanta. Tana cikin karatu sai ta yi tuntuɓe da wata kalma, ta fashe da dariya. Sannan ta ce, "Baban Hanif, wallahi narkewa zan yi a ɗakin nan. Buɗe ƙofar ko kaɗan mana."

Sai muryarsa: "Ci gaba, zan yanke wannan."

Ya yi saurin rufewa, ya buɗe na makon nan.

Tsaf. Babu hucin fanka, babu tari, babu dariya. Kowace kalma ta fita daidai, amma ka ce sanarwar cigiya ake karantawa.

Ban gane cewa mace ɗaya ce ba sai da na ga fuskarsa.

Ya daɗe yana kallon wayoyin fankokin nan biyu da Oga ya mayar. Sannan ya zaro wayar salularsa ya kira. Irin wayar nan ce mai amo, duk muna ji.

"Shamsiyya, kina lafiya?"

"Lafiya lau."

"Akwai abin da ke damunki ne?"

"Ba komai."

"Kina gida?"

"Ina gidanmu, Kudan. Kana fita muka fito ni da Hanif."

"Haba. Ba ki gaya min ba."

"Jiya da la'asar a bayanka na haɗa akwatina. Na kira sunanka har na gaji, hedifon na kunnenka. Sai na ce kar in yi maka hayaniya a wajen aiki."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi masa sallama yadda ake yi wa baƙo, ta kashe.

Gaskiya ya ba ni tausayi, duk da cewa da hannunsa ya yi wa kansa.

Kwamfutar kuwa tana ta aikinta. Bidiyon ya yi nisa bai tsaya ba, iska mai zafi na fita ta baya. Oga ya sa hannu ya ji, ya ce ta tsira, amma da ƙyar.

Mutumin bai ko kalli allon ba.

"Oga, ajiye min ita."

Ya fita ya tari mai babur, na ji yana cewa tashar motar Kudan.

Ban san yadda suka ƙare ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku ƙarshe mai daɗi ba.

Abin da na sani shi ne, bayan Sallah na koma shagon sayen linzamin kwamfuta, wato maus. Akwatin nan na nan a saman kanta, gyararre, lafiyarsa ƙalau.

Na tambayi Oga Tasi'u.

Ya ce har yau mai shi bai zo ɗauka ba.

Darasi:

Wanda ke yi maka ƙorafi bai gama da kai ba, zafin da ke cikinsa yake fitarwa don ya iya ci gaba da zama da kai. Matarka ce, ƙaninka ne, ko wanda kuke aiki tare, in ka rufe masa baki zafin na nan, kai ne kawai ka daina ji. Rage masa nauyi, buɗe masa taga, ka saurare shi tun yana da sauran abin faɗa.

In ka san wani da gidansa ya yi tsit kwanan nan har yana murna, tura masa wannan kafin ya koma gida yau.