Abincin da ba a raba shi

Shekarar da ɗiyata ta ƙarshe ta kamu da tamowa, kullum sai na kewaye damtsenta da yatsuna biyu, yatsun su haɗu har da saura. Mun yi rubutu, mun yi jiƙo, jikin sai ƙara zubewa yake.

Ranar kasuwar Gandi na goya ta zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan makaranta. Malamar asibitin ta ɗaura mata wani zare mai launi a hannu, ya tsaya kan jan launi, alamar haɗari. Ta ba ni wasu ƙananan ledoji na gyaɗa niƙaƙƙiya da madara, ta ce wasu mutanen coci ne daga wata ƙasa mai nisa suke aiko da su kyauta. Na tambaye ta ko halal ne, na sake tambaya. Ta yi dariya ta ce gyaɗa ce fa, sannan ta daina dariyar.

"Magani ne, ba abinci ba. In kika raba da sauran yara, za ki rasa ta."

Wannan ne ya tsaya mini a rai. A gidanmu ko ƙuli guda aka samu sai an gutsura wa kowane yaro. Na riƙa shiga ɗaki ina sakin labule ina ba ta, 'yan'uwanta na leƙe, ni kuwa ina ta istigfari.

Bayan 'yan makonni uwar mijina ta kama ni. "Mi nika gani haka? Rowa cikin gidana?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ki zo mu tafi tare ki ji da kunnenki."

Ta bi ni, tana faɗa har muka isa. Da aka sake ɗaura zaren a gabanta, ya bar kan jan launin. Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannun, ta tambayi malamar ko mutanen nan masu aiko da maganin sun san yarinyar. Aka ce ko sunan garinmu ba su sani ba. Sai ta kama salati a hankali.

Daga ranar ita ke zama bakin ƙofa da kara a hannu, tana kora jikokinta. Kafin a cire albasa a fadama, yarinyar ta dafa bango ta miƙe da ƙafafunta.