Bargon da aka lulluɓa mini

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, maƙwabcina ke rubuta mini wannan. Ni ɗan dako ne a bakin kogi nan Gaya. Lokacin da aka rufe gadar kan iyaka aiki ya yi yawa, mu sauke buhu daga kamiyo, babbar motar kaya, mu loda a jirgin ruwa. Wani matuƙin jirgi ya ba ni farin abu kamar gishiri, ana ce masa ƙanƙara, ana zuƙar hayaƙinsa. Ya ce gajiya ba za ta ƙara sanina ba. Haka aka yi. Barci ma ya tafi.

Na yi kwanaki ido biyu. Sai na fara jin murya daga cikin buhunan shinkafa. Da rana tsaka na hau kan kamiyo da wuƙa ina farke buhunan mutane, wai 'yan duwan, wato kwastan, ne ɓoye ciki suna jirana. Abokan aiki suka danne ni, suka kai ni gida ɗaure da igiyar jirgi. Kawuna ya ce aljanin ruwa ne, tunda a kogi nake wuni. Aka lulluɓa mini bargo, aka tura kaskon turare ƙarƙashi, alhali jikina kamar garwashi yake.

Yayata, mai bandar kifi, ita ta yaye bargon. Ta ce wa kawu kifi ake yi wa haka, kuma kifin ba ya tashi. Ta ɗora ni a amalanke sai likita, wato asibiti. Lokotoro, mai duba marasa lafiya, ya tambayi abin da na sha, dangi suka yi shiru don kunya. Yayata ce ta shaƙe wuyan rigar wani abokin aikina har ya faɗa. Aka yi mini allura na lafa, aka yi ta shafa mini ruwan sanyi, aka ɗaura ƙarin ruwa. Lokotoro ya ce da an bar ni cikin zafin nan zuwa la'asar, da zuciya ta tsaya.

Na tashi. Na sha magani, na sha azabar bari, na bari. Yau buhu nake ɗauka da ƙarfin tuwo, kuma ban koma wa ƙanƙara ba.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ita ta riƙe ni. Amma in naku ya haukace jikinsa na zafi, ku kai shi likita tukuna, ku faɗi abin da ya sha. Kunya ta kusa binne ni.