Addu'a a Kan Irin Gyaɗa

A kasuwar Zakirai wata tsohuwa mai shuɗin ɗankwali tana tsugune gaban buhun irin gyaɗa. Ta damƙi ƙwayoyi a tafin hannunta, leɓunanta suna motsi a hankali, tana tofa musu addu'a. Ina jin bara shukarta ba ta tsiro ba, shi ya sa ba ta sauri.

Mai gyaɗar ya gaji da jira. "Inna, gyaɗar nan fa lafiyarta ƙalau!"

Ba ta ko ɗago kai ba. "Yi shiru, ɗan nan. Na gama roƙa wa gonata ruwa, yanzu kai nake yi wa: Allah ya hana ka ba ni ruɓaɓɓiya."

Ya tuntsire da dariya, ya ɗaga hannuwansa biyu. "Amin, Inna. Bari in ɗebo miki ta buhun ciki."