Tukwanen Zumar Sauka

Tukwane huɗu maigidana ya rufe a makon sunan ɗanmu na fari. Sana'arsa ke nan, rataye amya a bisa ɗorawa, tun daga bayan garinmu Wurno har wajen Rimawa. A shekarar zuma ta yi albarka, ya zaɓi mafi kyau, ya shafe cikin tukwanen da kaki, ya cika su, ya kife da kasko, ya liƙe bakin da yumɓu. Ya ce ba mai buɗe su sai ranar da yaron ya sauke Alƙur'ani, da ita za a dama furar walima. Na yi masa dariya, na ce jaririn da ko wuya bai tsayar ba ake yi wa tanadin sauka? Ya ce da sanyin safiya ake kama fara.

Yaron yana koyon tafiya aka zo ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza, lokacin yaƙin Nasara. Maigidana na cikin waɗanda aka ɗiba. Wani mutumin Rabah da suka tafi tare shi ne ya dawo mana da labari, ya ce sanyin dutse ya kama masa ƙirji, can aka rufe shi. Na yi kuka, na yi takaba, na tashi na duba abin da ya bari. Amyoyin duk 'yan'uwa sun raba. Tukwanen dai na ce ba gado ba ne, amana ce.

Ajiyar zuma ba a kwance ake yin ta ba. Na haƙa rami a ƙuryar ɗakina, na zuba rairayin gulbi, na binne su har wuya, na zagaye da toka saboda kiyashi. Da damina in ɗora su bisa duwatsu don kada danshi ya taɓa su, da bazara in mayar da su ƙasa inda ke da sanyi. In yumɓun ya tsage in kwaɓa sabo in liƙe. Matan gidanmu har suna tsokanata, wai ina da 'ya'ya huɗu da ba sa kuka. Ni kuwa na san dalilina. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na yaba shi, ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, haka kunya ta gada. Duk son da nake masa, kan tukwanen nan nake sauke shi.

Wata shekara Di'o, Baturen mulki, ya fito rangadi daga Rabah zai wuce Goronyo, ya sauka barikin garinmu. Aka ce kowace unguwa ta kai ƙwai da kaji da zuma. Yayan maigidana shi ne mai unguwa, ya zo ya tsaya ƙofar ɗakina yana gyaran murya.

Ya ce, "Ke, tukunya guda za ki ba ni, in hita kunyar hakimi. Ukku ba su isar ki?"

Na ce, "Yaya, mi kac ce? Nasaran da ya ɗauke mani ƙanenka shi za ya lashe zuma tai? Ga kajina nan, a kwashe su duka. Wagga dai ba ta hita."

Ya yi faɗa, ya ce taurin kaina zai ja masa tsiya. Na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa. Ya kwashe kajin kuwa, har da mai kwanci, kuma ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata. Ban damu ba, gaisuwar dai ban fasa ba.

Yaron ya girma, ya yi ta karatu wurin malamin unguwarmu, har ranar da malam ya aiko cewa ya kai ƙarshe, a shirya walima. Ana jibi taro na fito da tukwanen tsakar gida da hantsi. Na aika a kira malam ya sa albarka, Yaya ma ya zo, don a lokacin mun shirya.

Ta farko ina ƙwanƙwasa yumɓun sai ta yi huci, kumfa ya biyo baya, wani wari mai tsami ya bugi hancina. Malam ya sunkuya ya shinshina, ya ja da baya.

Ya ce, "Wagga ta tashi, ta koma abin maye. A zubas."

Da hannuna na kai ta bayan gida na tuntsurar. Ta biyu ba ta ko yi mini gardama ba, ashe gindinta ya tsage tun ban sani ba, kiyashi sun yi shekaru suna walimarsu, sai baƙin ɓawo suka bar mini. Ta uku ta ba ni rai, don ta yi ja wur, ta yi kauri, ba kumfa. Na tsoma ɗan yatsa na ɗora a harshe. Zaƙi ya fara zuwa, na ce alhamdu lillahi, sai tsami ya biyo shi yana cizon harshe. Na tofar. Har yau abin yana ɗaure mini kai: amya ɗaya, rana ɗaya, hannu ɗaya, rami ɗaya, amma kowace tukunya da halinta. Matar malam ta ce wataƙila saƙar zumar da ba ta nuna ba ce ta shiga wasu. Ni dai na fi zargin bangon gabas da ke jiƙa da damina.

Gabana ya faɗi sosai, ban ɓoye ba. Na jawo ta huɗu, na fasa. Ba huci, ba wari. Zumar ta daskare ta yi tsakitsaki, ta yi duhu, kuma ta ja baya ƙwarai, ko rabin tukunya ba ta kai ba. Na ɗanɗana. Ta narke a hankali, ga ƙanshin furen ɗorawa, ga ɗan hayaƙin da ake korar ƙudan zuma da shi, ba tsami ko kaɗan. Na jira in ji ko wani abu zai biyo baya. Babu.

Yaya ya leƙa ya ce, "Wagga ba ta isar mutane. A sawo sukari kanti a haɗa, wa za ya sani?"

Na ce, "Ni na sani, Yaya. Ba a haɗa ta da komi."

Ranar walima yaron ya karanta allonsa a gaban malamai, ni ina cikin ɗaki ina ji ta katanga. Baƙi suka sha fura da nono zalla. Na ji mata suna ƙus-ƙus, wai an yi shekaru ana cika baki da zuma, ga shi ko a leɓen ludayi ba a gani ba. Na bar su, baki nasu ne.

Da la'asar mutane suka watse, na ajiye tukunyar a ƙofar ɗaki, na ce da iska, "A gaya wa mai sauka ga saƙon ubanai nan." Ya zo ya durƙusa ya yi bisimilla. Na juya masa baya kamar yadda ya kamata uwa ta yi, na ɗauki tsintsiya ina sharar inda ba datti, hawaye na zuba, ina jin yadda yake kankare gefen tukunyar a hankali don kada ko ɗigo ya faɗi ƙasa.