Alkamata kore, tasa rawaya

Shekarun baya, lokacin da muke noman alkama da rani a gefen Bunkure, gonata da ta wani abokina kanal ɗaya ke shayar da su, kunya ce kawai ta raba mu. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙwallo ba ya tsayawa kallo. Ni kuwa kun san ni, bakina ba ya zama.

Wata ranar kasuwa na je sayen takin zamani, sai na tarar da taro a bayan rumfar masu tsire. Wani mutum ne ya shimfiɗa kwali da lambobi ɗaya zuwa shida, yana kaɗa ɗan lido a gwangwanin madara. Ka ɗora kuɗi a lambar da kake so, in ta fito ya miƙo maka ninki biyar har da naka a ciki. Na ce bari in taɓa da canji. Wallahi kamar ɗan lidon ya san ni, ina ɗorawa tana fitowa. Abin da ya ba ni mamaki, mai kwalin ya fi ni murna. Ya ɗaga hannuna sama yana nuna wa jama'a, ni kuma ina ta washe baki kamar ango.

Na sayi takina har da ƙari, na koma gida na hana kowa sakat. Na ce ai abin dabara ne, sai ka lura da yadda yake juya hannu. Ƙarya nake, ban lura da komai ba. Abokina yana wurin yana saurare. Kasuwa na zagayowa ya ɗauki kuɗin takinsa ya tafi shi kaɗai, ya dawo hannu rabbana.

Raina ya ɓaci, na je na tsare mai kwalin na ce asiri yake yi wa mutane. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Asirin me, ɗan'uwa? Ɗan lidon nan fuska shida gare shi, ni biyar nake biya. In aka cike lambobin nan duka, na kwashi shida na ba da biyar, ɗaya tawa ce a kowane jifa. Wanda ya ci ma yarona ne, shi ke kawo mini mutane."

Ashe aiki na yi masa, kuma da kuɗin irin su abokina ya biya ni.

Na ɗauki rabin takin na kai wa abokina gida, ya ƙi karɓa. Ya ce ba wanda ya ja shi, da ƙafarsa ya je. Ranar da zan zuba nawa kuma sai ga shi da kwanonsa ya zo taya ni, muka gama tare, bai ɗaga zancen ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Haka muka yi ranin nan. Alkamata ta yi kore shar, tasa ta yi rawaya ta tsugune, duk mai wucewa a kan kanal sai ya gani. Dattawa su tsaya su ce wa abokina ya zo ya koyi noma wurina, shi kuma ya yi murmushi ya ce to. Ni da na san gaskiya ina tsaye ina cewa alhamdulillahi.

Yanzu in na ga matasa sun duƙufa a cacar waya suna nuna wa juna wanda ya ci, ba na iya yi musu faɗa da ƙarfi, don na san wanda aka ɗaga hannunsa. Muna nan da abokina, jikokinmu ma tare suke wasa. Amma har yau in aka yabi noman wani a gabansa, ƙasa nake kallo.