Gaisuwar da Ban Yi wa Kawu Bala Ba

Shekara bakwai ke nan, a wannan wata na Rajab, da muka kai Kawu Bala makwancinsa. Ba sunansa na gaskiya ba ne. Na canza shi, na canza na duk wanda zan ambata, kuma ina roƙon wanda ya gane su ya bar abin a ransa. Tun cikarsa shekara uku nake fara wannan rubutu ina gogewa. Bana ma ban tabbata na yi daidai da na aiko shi ba.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ni a unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, shi kuwa da girmansa ya zo daga gida ƙasar Hausa, ya zauna, ya kama sana'ar abinci. Alhazanmu da yawa da kewar tuwo ta kama a Makka sun ci na hannunsa: tuwon shinkafa, miyar kuka, waina ranar Juma'a. Yana da irin tafiyarsa, yana da yadda yake tafa hannu in zance ya yi daɗi, kuma mutane suna da sunan da suke kiran irinsa. Sukan kira shi da shi a bayan idonsa, wasu ma a gabansa, sannan su miƙo kwano. Ni "Ustaz" yake ce min tun ranar da na shiga jami'a, kuma ba na jin don girmamawa ne.

Shekara ashirin da biyu suna ɗaki ɗaya da Malam Idi, wani tela mai shiru-shiru wanda iyayensa suka zo ta Sudan. A gidanmu "abokin hayar Bala" ake ce masa. Abin da mutane ke son sani game da su ban sani ba, ban tambaya ba, kuma ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne kwano ɗaya suke ci, Malam Idi ke ɗinka masa riguna, kuma in zazzaɓi ya kwantar da Kawu shagon ɗinki ba ya buɗewa.

Da Malam Idi ya rasu, danginsa suka yi zaman makoki a unguwar Ka'akiyya. Ga wanda bai san al'adar nan ba, kwana uku ake yi. Tsakanin magariba da isha 'yan'uwan mamaci sukan tsaya a sahu, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya, a dafa kafaɗar kowa a yi masa addu'ar Allah ya girmama ladansa. Sahun ya ɗauki ƙanne da 'ya'yan ƙanne, har da wani suruki da bai fi sau biyu suka haɗu da marigayin ba. Kawu yana bayan gida a gaban tukunya, yana dafa shinkafar masu makoki. Ba wanda ya kore shi daga sahun, ba a dai kira shi ba ne. Ni ma na bi na dafa kafaɗu, sannan na leƙa baya na tambaye shi ko da sauran nama.

Bayan nan ya fara lalacewa. Ya daina ci, ya daina tafa hannu, mutumin da bai taɓa ƙona miya ba ya ƙona ta sau uku a mako guda. Mahaifiyata ta sa aka yi masa ruƙiyya. Aka kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin barci. A ƙarshe aka tura mu wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, dattijo, irin waɗanda aikinsu zama ne su saurari mutum. Larabcin Kawu na kasuwa ne, ya ishe shi sayen albasa da faɗa da direba, amma bai kai ga abin da ke cikin ƙirji ba. Sai aka ce ni, da na gama jami'a a shekarar, in riƙa raka shi ina fassara.

A nan na yi abin da har yau yake hana ni sakewa. Kawu zai ce, "Gaya masa rabin jikina aka binne," sai in ce da Larabci, abokinsa ne ya rasu, yana jin kaɗaici. Zai ce, "Gaya masa shi ne gidana, tun da ya tafi ni baƙo ne a garin nan," sai in ce, yana tunanin canza ɗaki. Ina ganin tsoro ne ya sa. Na san ƙasar da muke, na san takardun zaman Kawu ba su da ƙarfin da zai ɗauki surutu, ban kuma san abin da likita zai rubuta a fayil ba. Haka nake faɗa wa kaina. Amma in zan yi gaskiya, akwai kunya a ciki, kuma mai yiwuwa ita ta fi yawa.

A zama na uku Kawu ya juyo ya kalle ni.

"Ustaz, na yi magana mai tsawon hanyar Kudai zuwa Harami, kai ka faɗi kalma huɗu. Sauran fa, ka haɗiye ne?"

"Na taƙaita ne, Kawu."

"To ni ba huɗuba na zo yi ba da za ka taƙaita min."

Likitan bai ji Hausa ba, amma ya gane. Ya ajiye biro, ya ce min abin da aka faɗa a ɗakin nan na mai shi ne, ba ya rubuta sai abin da magani ke buƙata, kuma ko dai in faɗi maganar yadda aka faɗe ta, ko in jira a waje. Na faɗa. Na maida wa likitan rabin jiki, da gida, da kwano ɗaya, da sahun da ba a kira shi ba.

Na jira tambayar da nake tsoro. Ba ta zo ba. Dattijon ya tashi, ya zagayo tebur, ya dafa kafaɗar Kawu, ya yi masa addu'ar nan da ake yi wa 'yan sahu. Wata biyar da rasuwar, shi ne mutum na farko da ya yi masa gaisuwa. Kawu ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Da ya lafa, likitan ya zauna ya tambaye shi sunan marigayin, da abin da ya fi so a dafa masa.

Mun fito muna jiran mota. Kawu ya goge fuska da bakin rawani, ya ce, "Ka gani? Balarabe ya yi min gaisuwa. Saura 'yan gida." Ya tsaya yana kallona. Ni kuwa na duba wayata, na ce da alama motar ta makara.

Ya ci gaba da zuwa wajen likitan kusan shekara guda. Daga baya ya ce in riƙa zama a waje, wai Larabcin albasa ya fi Larabcin jami'a riƙon amana. Ya koma tukunyarsa, ya koma zolayar mutane. Ba zan ce ya warke ba, don ban san ko ana warkewa daga irin wannan ba. Ya dai rayu shekara biyu yana ci yana dariya kafin ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ranar makokinsa ni aka tsayar a sahu, mutane suna dafa kafaɗata.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da yau. Lungun da yake kafa tukunya babu shi, otal ne a wurin, mu ma mun koma Ka'akiyya. Maganar ciwon damuwa, wadda a da ake ɓoyewa kamar sata, yanzu matasa suna yin ta a fili, har ta waya ana ganin likita. Na karanta cewa a wasu wurare akwai masu wannan aiki da suka ɗauka a matsayin ƙa'ida cewa duk yadda mutum ya zo musu, ko wa ya shaƙu da shi, ko yaya yake jin kansa, ba za su fara da gyara shi ba, za su fara da jin abin da ke damunsa. Wasu cikin masu karatu za su ji wannan su ɓata rai, kuma na fahimce su. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba, likitan nan ma bai bayar ba. Bai halatta komai ba, bai haramta komai ba. Ya ga mutumin da aka yi wa mutuwa, ya yi masa abin da ake yi wa wanda aka yi wa mutuwa. A wayar da ake ganin likitan kuwa, a cikinta nake ganin ana yawo da bidiyon masu irin tafiyar Kawu ana dariya. Don haka ban san ko zai ce an ci gaba ba. Wataƙila cewa zai yi, "An dai sake tukunya, Ustaz, miyar tana nan."

Kwanan baya na gaya wa mahaifiyata zan rubuta wannan. Ta ce in bar matattu su huta. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗanwake yake so, shi Idin. Da yaji da yawa. Bala bai sake dafa shi ba." Ban san tun yaushe ta san haka ba. Ita ma, ina jin, tana da nata abin da ba ta faɗa ba.

Me ya rage na Kawu? Ba ɗa, ba gida, kabarinsa ma a nan ba a rubuta suna. Akwai mata biyu-uku da suka koyi wainarsa, akwai alhazan da har yanzu suke tambayar ina mai tuwon nan. A wajena kuwa abin da ya rage shi ne tsayuwar nan a bakin titi, yana jiran magana ɗaya wadda ko yaro ya iya ta. Shekara biyu ina cin abincinsa bayan ranar, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Na san rubutu a jarida ba ya isa kabari, kuma mai yiwuwa don kaina nake yi. Duk da haka ba na son shekara ta takwas ta same ni da ita a baki.

Kawu, ya haƙurin Malam Idi? Allah ya girmama ladanka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙanka, ya yafe mana.